Littafin soyayyar Kirsimeti a kan tsibiri, da namu labarin na bakin Volta

Salamatu Mamobi: Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da hantsi. Na gama wani littafi jiya da daddare kuma har yanzu bai sake ni ba shi ya sa na ce bari in kawo maganar nan. Na Turanci ne, cikin tsofaffin nan da ake shimfiɗawa bakin titi wajen Circle a nan Accra na tsince shi. Labarin soyayya ne na Kirista kuma duk a kwanakin Kirsimeti ya faru, a wani ƙaramin gari kan tsibiri can gabar Amurka wajen jihar Maine inda sana'arsu kamun kifi. Matar nas ce, mijinta ya rasu, ta dawo garin don ta sayar da gidan kakarta ta koma birni, to sai iska ta taso teku ya ɓaci jirgin fito ya daina zuwa, dole ta zauna. Shi kuma namijin kafinta ne yana gyaran rufin cocinsu, yana riƙon 'yar ƙanwarshi marainiya. Daga farko har ƙarshe babu batsa ko ɗaya, ko hannunta bai riƙe ba sai can dab da ƙarshe.

Rukaya Nima: Wa alaikumus salam yaya Salamatu. To sun yi auren ko ba su yi ba, ni nan nake fara tambaya

Salamatu Mamobi: An sa rana dai kafin littafin ya ƙare. Amma Rukaya ba auren ne ya kama ni ba, yadda mutumin ke nuna so ne. Akwai wajen da sakatar ƙofar gidan kakar ta lalace iska na ta buga ƙofar duk dare, ita ba ta gaya ma kowa ba, da asuba ta fito ta ga an gyara, ba ta san wa ya yi ba sai da ta ga ɓarɓashin katako a kan dakali da sawun takalmi babba ɗaya ƙarami ɗaya, wato shi da yarinyar suka zo tun duhu. Bai taɓa tada maganar ba har littafin ya ƙare. Sannan tsofaffin matan cocin, duk ranar da zai shigo gidan sai ka ga ɗaya ta ɓullo da tukunyar miyar kifi ta zauna a falo tana saƙa, ba ta tashi sai ya tafi. Wallahi sai na tuna gwaggona lokacin da ake zuwa zance wajen yayata, tana tsakar gida tana tsintar wake kunnenta na zaure.

Malam Awudu Sabon Zongo: Salamu alaikum. Salamatu 'yata, Allah ya yi miki albarka, na ji daɗi da kika ce babu batsa. Amma ina da tambaya ɗaya, a cikin littafin ana kawo ayoyin Baibul da addu'o'insu ko ba a kawowa

Salamatu Mamobi: Ana kawowa Malam. Akwai aya a shafin farko, kuma idan matar ta shiga damuwa tana addu'a da sunan Yesu, akwai wa'azin fasto na daren Kirsimeti kusan shafi biyu.

Malam Awudu Sabon Zongo: To kin ga inda nake tsoro kenan. Ke babba ce kin yi makarantar allo kin san aƙidarki, ba na jin komai a kanki. Amma littafi ba ya zama hannu ɗaya a gidajenmu, gobe yana hannun ƙanwarki mai shekara goma sha uku wadda ko Iziyya ba ta gama ba, ita kuma abin da zai shiga zuciyarta shi ne mutanen kirki masu tausayi ga yadda suke addu'a. Wa'azin da aka naɗe cikin labari mai daɗi ya fi na kan mumbari shiga jiki. Mu mun yarda da Annabi Isa alaihis salam da mahaifiyarshi, sura guda ce a Alƙur'ani da sunanta, ta goma sha tara, amma inda muka rabu da su mun rabu, kuma yaro sai an nuna mishi wajen.

Bashiru Kanda: Malam gaskiya maganarka akwai ƙamshin gaskiya don irin littattafan nan da gangan ake yinsu haka. Kamfanin Harlequin na Kanada yana da jeri guda da ake ce ma Love Inspired tun 1997, nasu na masu bi ne zalla, marubuciya ba ta isa ta sa batsa ko zagi ba kuma dole imani ya fito a labarin. Kamfani ɗaya ne da Mills & Boon ɗin nan da iyayenmu mata suka karanta a sakandare suna ɓoyewa ƙarƙashin katifa. Kasuwa suka duba suka ga akwai mata da yawa masu son soyayya amma ba sa son abin da zai sa su ji kunyar 'ya'yansu.

Anti Ladi: Ina kwananku duka. Malam Awudu ina gaisuwa da girmamawa. Tunda ni ce Kirista a gidan nan bari in sa baki. An haife ni a Nima, iyayena daga arewacin Gana suka zo, Hausa na tashi da ita kafin yaren gidanmu ma ya zauna a bakina. Gidan haya da na girma ɗaki goma sha ne, mu biyu ne kawai Kirista, masallaci na jikin bangonmu. Yarana duka sun haddace kiran salla da Fatiha da kunne ba wanda ya koya musu, ƙaramin ma da azumi shi ke raka yaran maƙwabta kai koko da ƙosai masallaci. Ban taɓa jin tsoro ba don na san abin da nake koya musu a ɗaki. Ina ganin ku ma haka ne, yarinyar da uwarta ke tashinta asuba littafi ɗaya ba zai ɗauke ta ba. Ita ma ta san yadda maƙwabtanta ke roƙon Allah idan suna cikin baƙin ciki, wannan ba zai cutar da ita ba.

Malam Awudu Sabon Zongo: Anti Ladi na gode, kuma kin san ba ƙiyayya ba ce. Babanmu Limamin ƙasar Gana Shehu Usman Nuhu Sharubutu da kanshi ya je cocin Christ the King a 2019 lokacin da ya cika shekara ɗari, ya zauna aka yi taro da shi, to mu waye. Amma shi ya je da iliminshi. Abin da nake cewa kawai uwa ta karanta kafin 'ya, in yarinya ta yi tambaya a ba ta amsa. Ban ce a ƙona littafi ba.

Hajiya Memuna: To alhamdu lillahi, Malam ya faɗi nashi Ladi ta faɗi nata, kowa da hujjarshi, kar wanda ya ɗauke shi da zafi. Ni dai abin da zan ce, Malam, in har tsoro za mu ji to wayar da ke hannun yaran nan ta fi wannan littafin abin tsoro nesa ba kusa ba. Kwanaki na karɓi wayar jikata na ga wani labarin Hausa da ake turowa kashi-kashi a WhatsApp, sunayen duk na Musulmi, an buɗe da bismilla an rufe da salati, amma abin da ke tsakiya ba zan iya maimaita shi a nan ba. Har kuɗi suke biya ta momo, wato tura kuɗi ta waya, a sa su cikin guruf ɗin da ake sakin ci gaban. Na zauna na yi shiru na rasa ta inda zan fara mata magana.

Rukaya Nima: Hajiya wannan gaskiya ne amma kar a haɗa su duka. Akwai marubutan arewacin Najeriya masu tsafta sosai, ni da littattafan Bilkisu Funtuwa da Balaraba Ramat na koyi karanta Hausar boko, wani ɗan kasuwa ne ke kawo su daga Kano a cikin kayan atamfa muna karɓa haya

Bashiru Kanda: Su ma ai sun sha suka a zamaninsu. A 2007 gwamnatin Kano ta ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a ana cewa suna ɓata tarbiyya, yau ga shi su muke kira masu tsafta. Hanawa ba ta taɓa hana 'yan mata karanta soyayya ba, sai dai a samar musu mai kyau.

Salamatu Mamobi: Yauwa Bashiru, ka taɓo inda yake min ciwo. Ni da na rufe littafin abin da ya tsaya min a rai shi ne me ya sa ba mu da irinshi. Duk abin da ya sa labarin nan ya yi daɗi muna da shi, gari ƙarami da kowa ya san kakan kowa, tsofaffi masu sa ido, addini a cikin komai ba sai an yi shela ba, biki da ke tara mutane gida. Na Kano da muke karantawa suna da daɗi amma ba rayuwarmu ba ce, babu trotro motar hayarmu babu gidan haya mai famfo ɗaya babu saurayin da ya tafi Libiya ko Jamus ya bar yarinya tana jira shekara da shekaru, babu uwar da ke sayar da wakye, shinkafa da wake, ta biya kuɗin makaranta. Hausarmu ma ba ta ciki. Ina so in buɗe littafi in ga yarinyar Mamobi da jajibirin salla, tela ya riƙe mata ɗinki, ga baƙo ya sauka gidan maƙwabta.

Anti Ladi: Kuma in za a rubuta a sa Buronya ɗinmu, wato Kirsimetinmu na Gana, yadda take, don wannan ƙanƙara da bishiya mai fitilu ba tamu ba ce. Tamu hunturu ne, leɓe ya tsage ƙafa ta yi fari ana shafa man kaɗe. Muna yara muna gina bukka da ganyen kwakwa a bakin lungu mu kwana ciki, a ba mu biskit Piccadilly da Fanta, sabon kaya da tabarau na roba. Babana kuma, Allah ya ji ƙanshi, ba ya taɓa yanka kazar Kirsimeti da hannunshi, sai ya kira Malam na ɗakin ƙofa ya yanka don kowa a gidan ya ci ba tare da shakka ba. Mamana ta dafa shinkafa a babbar tukunya mu yara mu bi ɗaki ɗaki da kwano a rufe, in babbar salla ta zo kwanukan nan su dawo mana da nama har sai mun soya mun ajiye. Daren 31 ga Disamba kuma muna coci har gari ya waye, mu dawo daidai ana fitowa sallar asuba a gaisa a ƙofar gida.

Hajiya Memuna: Ladi kin tuna min da mamanki, Allah ya saka mata. Haka aka yi wallahi.

Fuseini Madina: Salamu alaikum, tun ɗazu ina karantawa ina kan hanya sai yanzu na samu zama. Yaya Salamatu ban karanta littafin ba amma ni maganar tsibirin ce ta tsaya min. Ni ɗan Yeji ne, a bakin ruwa na girma, kuma ina so ku san zaman tsibiri ba abin sha'awa ba ne a wajenmu. A littafinki jirgi ya daina zuwa sai soyayya ta ƙullu, a tafkin Volta in iska ta hana kwalekwale tashi kuma mace na naƙuda a tsibiri to sai addu'a, don asibitin yana ƙetare. Ruwan cike yake da kututturen itatuwan da tafkin ya shanye, suna tsaye a ƙarƙashi ba ka ganinsu sai jirgi ya hau kai, ga lodi fiye da ƙima, mutane da buhunan gawayi da doya da awaki har da babur duk a jirgi ɗaya ranar kasuwa, rigar ruwa kuma ba kowa ke samu ba. Malaman makaranta da aka tura can da yawa ba sa zama. Duk wanda ya girma a Yeji ya san gidan da aka yi zaman makoki saboda ruwa.

Salamatu Mamobi: Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu. Fuseini gaskiya a littafin ba a ɓoye haɗarin ruwa gaba ɗaya ba, ƙanwar kafintan da mijinta a teku suka mutu shi ya sa yarinyar ke hannunshi, kuma akwai allo a bangon cocin da aka rubuta sunayen duk waɗanda teku ya ci. Amma na yarda da kai ba a nuna talauci ba, kowa na da abin ci, wuta ba ta ɗaukewa, ba wanda ke bin wani bashi.

Rukaya Nima: Kuma babu uwar miji babu dangi, mutum biyu sun ga juna sun shirya shi kenan. A nan kafin a kai ga sa rana sai an bi ta kan kawu da gwaggo, a tambayi asalinshi, wace ƙabila ce, ga lefe ga kuɗin ɗaki na shekara biyu da mai gida zai karɓa a dunƙule. Bazawara ma kamar matar littafin nan, dangin mijin da ya rasu suna nan suna kallon wa zai shigo

Bashiru Kanda: Ai wannan ne zai sa namu ya fi nasu nama a jiki Rukaya. Su sai sun ƙirƙiro iska da lalacewar jirgi kafin su samu abin da zai tsare masoya, mu abin da ke tsare su yana cikin gida.

Fuseini Madina: To in da gaske kuke ni ina da labarin da ya fi ƙarfin ƙirƙira. Kakata ta wajen uwa 'yar tsohuwar Kete Krachi ce, garin da ruwa ya ci. Da aka gina madatsar Akosombo zamanin Nkrumah, an fara aikin a 1961 aka buɗe a farkon 1966, ruwa ya taru ya shanye garuruwa, mutum wajen 80,000 aka tasa aka zuba su a sababbin garuruwa 52. Zongon Kete kuwa ba ƙaramin waje ba ne, kasuwa ce babba tun bayan da Salaga ta watse, fatake na sauka da goro da gishiri da shanu. Kakata na budurwa lokacin, an riga an kai gaisuwar aurenta, sai aka zo tashi, gidansu aka kai su sabuwar Krachi su kuma dangin saurayin suka bi wani jirgin suka ƙetare can wani gefen, ruwa ya shiga tsakani. Ba waya ba wasiƙa, sai saƙon baki ta hannun masu kifi. Ta ce duk ranar kasuwa sai ta samu dalilin zuwa bakin ruwa, ta ce za ta wanke tukunya ko sayen kifi, tana duba masu saukowa. Babanta ya so ya ba da ita ga wani, kakarta ce ta tsaya ta ce an riga an ci goron mutane ba za a mayar ba. Sai bayan damina biyu ya ɓullo da kawunshi a kwalekwale, da tabarma da buhun gero. Shi ne kakana.

Hajiya Memuna: Allahu akbar. Fuseini tana raye?

Fuseini Madina: Tana nan Hajiya, a Yeji wajen mamana, ido ya yi rauni amma hankalinta garau, in ta fara labarin tsohon gari har layin da masallaci yake da inda mahauta ke zama tana faɗa.

Malam Awudu Sabon Zongo: Ikon Allah. Kun san kuwa a garin nan Alhaji Umaru ya zauna, malamin da aka haifa a Kano ya yi Salaga ya zama limamin Kete Krachi har ya rasu a 1934. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausar ajami, ya rubuta tarihi da al'adun Hausawa, malaman zongo da yawa a ƙasar nan silsilar karatunsu na komawa wajenshi. Wato rubutu da Hausa a Gana ba baƙon abu ba ne, mu ne muka sake shi. Irin wannan labarin na kakar Fuseini in aka rubuta shi da ladabi ni da kaina zan saya in ba 'ya'yana.

Bashiru Kanda: Akwai Mohammed Naseehu Ali ɗan Kumasi da ya fitar da gajerun labarai kan zongo a 2005, amma da Turanci ne kuma a Amurka aka buga, tsofaffinmu ba su san da shi ba. Matsalar ita ce yawancinmu muna jin Hausa amma ba a koya mana rubuta ta a makaranta ba, kowa yadda ya ga dama yake rubutawa, wani ma kunya yake ji kar 'yan Najeriya su ce Hausarshi ta karye.

Salamatu Mamobi: Su faɗa mana, Hausarmu ce haka muka ji ta a bakin iyayenmu. Ni dai zan gwada, ko da kashi-kashi ne in dinga turowa nan kuna gyara min. Amma ba zan iya rubuta ruwa ba ban san shi ba, iyakata Ada Foah da muka je yawon makaranta aka zaga da mu tsibiran bakin kogi a jirgi mai inji. Fuseini sai ka taimaka min da yadda ake lodi, yadda masu jirgi ke magana, me ake ci, me mata ke yi da yamma.

Anti Ladi: Ki sa maƙwabciya Kirista a ciki don Allah, a bakin tafkin nan Ewe da Ada masu kamun kifi da yawa 'yan coci ne kuma tare ake zaune. Waƙoƙin Kirsimeti na Hausa ma ina da su a littafin waƙar mamana in kina so, tsoho ne duk ya yi ja amma ana karantawa.

Malam Awudu Sabon Zongo: A sa ta, maƙwabtaka haƙƙi ce. Ni dai sharaɗina yana nan, saurayi da budurwa kar a bar su su kaɗai a ɗaki ko a cikin labari ne.

Rukaya Nima: Malam ai kakar ce za ta zauna tsakani. Yaya Salamatu ni littafin Turancin nake so in karanta kafin ki fara, zan biyo Mamobi bayan la'asar in karɓa, in na gama in miƙa ma Anti Ladi

Hajiya Memuna: Fuseini ka ji shawarata, kar ka jira Salamatu ta shirya. Tsofaffin nan ba a jinkiri da su. Ka sa waya ka ɗauki muryarta, ka bar ta ta yi magana yadda take so kar ka dinga katse ta, kuma ka nemi izininta tukuna ka gaya mata abin da za a yi da shi, in ta ce a canza sunaye a canza.

Fuseini Madina: In sha Allahu Hajiya. Ƙarshen wata zan tafi, motar dare zan bi zuwa Kumasi in kama ta Yeji da safe. Duk mai tambayar da yake so in yi mata ya turo min kafin ranar Alhamis in rubuta su a takarda, don in na shiga can netiwok ba ya zama. Yaya Salamatu ke ki fara turo naki.

Salamatu Mamobi: Ta farko, ka tambaye ta me ta ɗauka a hannunta ranar da suka bar tsohon gari, da wa ya fara gaya mata cewa ya sauka a bakin ruwa. Sauran zan turo bayan magariba.